Wayar da Wuta Ta Kasa Ci

Da la'asar aka fito da gawar Baba Mai Katifa daga ɗakin bayan masana'antarsa, a naɗe cikin labulen ofis, don ba abin da ya rage a wurin da zai rufe mutum. Wutar ta cinye ɗakin ƙurmus, ta lashi rabin rumfar da ake jibge soso, kafin 'yan kwana-kwana su iso su yi wa abin da ya saura wanka. Hayaƙin soso ba irin na itace ba ne. Baƙi ne mai maiƙo, yana kama maƙogwaro, kuma duk wanda ya tsaya a layin ranar ya koma gida yana tofar da baƙin yawu.

Kafin a gama kashe wutar, unguwa ta riga ta gama shari'a. Wani ya ce ya ga Dungu yana zagaya bayan katanga da hantsi. Wani ya ce shi ma ya gani, duk da kowa ya san a lokacin yana kasuwa. Dungu tsohon ma'aikacin gidan ne. Injin niƙa guntayen soso ya cinye masa yatsun hannun dama, da ya warke aka sallame shi, ya tsaya a bakin ƙofa ya rantse sai wurin nan ya zama toka. Maganar mai jin zafi ce, amma mutanen layin sun ajiye ta. Suka same shi a gida yana cin abinci da hagu, suka jawo shi waje a gaban matarsa. Ba don motar 'yan sanda ta iso ba, da gawa biyu aka binne.

Washegari da safe Sufeto, ɗan sandan da ke riƙe da binciken, ya je gidan Mai Sawu da kansa.

Mai Sawu tsoho ne siriri, mai jan ido da ƙarancin magana. A ƙuruciyarsa ya bi ɓarayin shanu har inda mota ba ta zuwa. Yanzu da kwalta da siminti suka rufe ƙasa, aikinsa ya koma neman akuyar da ta ɓata, sai kuma neman Baba Mai Katifa. Tun da tsufa ya taɓa wa dattijon hankali yake ficewa ya bi hanya, kuma kowane lokaci Mai Sawu ake kira ya dawo da shi.

"Baba, ina da mutum a hannuna, haƙarƙarinsa a karye," in ji Sufeto. "Gobe za a kai shi kotu da tuhumar kisa. Shaidu sun yi mini yawa, kowa ya gani da idonsa. Yawan ganin nan ne ya hana ni sakewa."

"Kun bar mini ƙasa kuwa?"

"Unguwa guda ta tattaka ta, sannan aka zuba mata ruwa."

Mai Sawu ya ja tsaki, ya laluba takalminsa.

*

Gaban masana'antar ya zama taɓo. Mai Sawu bai ɓata lokaci a nan ba, ya zagaya bayan katanga inda ruwan bai kai ba. Can ya tsuguna ya daɗe.

"Mutuminka ya zo nan," ya ce. "Ga silifas ɗinsa, dugadugin hagu a cinye."

Fuskar Sufeto ta faɗi. "Ke nan gaskiya suka faɗa."

"Ya zo, ya tsaya a ƙarƙashin tagar nan, ya daɗe har yana sauya ƙafa. Sannan ya koma yana tafiya irin ta mai zuwa kasuwa. Na bi masu cinna wuta da yawa, ban taɓa ganin wanda ya bar wurin a hankali ba."

Tagar ƙarama ce, da sandunan ƙarfe, kan yaro ma ba zai shiga ba.

Suka shiga ɗakin ta inda ƙofa take a da. Ƙofar katako ce, ita da dogaranta sun tafi. Kwanon rufi ya rufto ya lanƙwashe. A tsakiya akwai ƙwarangwal ɗin wani tsohon tebur na ƙarfe. Mai Sawu bai kalli teburin ba, bangon gefen ƙofa ya tsaya yana kallo. Baƙin hayaƙi ya manne da shi, kuma a cikin baƙin akwai layuka na yatsu, sun faro daga daidai ƙirjin mutum, suna sauka, suna sauka, har kusa da ƙasa.

Ya san hannun. Sau da yawa ya riƙe shi a hanyar dawowa gida. Baƙin ciki ya taso masa har sai da ya dafa bango.

"Ya nemi fita," ya ce. "Ƙofa ta ƙi."

"'Ya'yansa sun ce ba a taɓa kulle shi ba. Mun duba, babu kwaɗo."

A bakin ƙofar ta waje an tona toka, an barbaza ta, kamar kaji sun yi kiwo. Wani ya riga su zuwa yana neman wani abu da sassafe, amma ya nema a inda ba ya nan, domin ƙofar ta faɗa cikin ɗakin ne. Mai Sawu ya sa aka ɗaga kwanon, ya shiga tankaɗe toka da yatsunsa. Ya fito da ƙusoshi, ya fito da mariƙin ƙofa da ya narke ya zama dunƙule. Daga ƙarshe ya ɗago zobba biyu na ƙarfe, irin waɗanda ake saƙala kwaɗo a ciki, a manne da juna. Wata siririyar waya ce ta ɗaure su, ta yi duhu-duhu da ɗan kore, amma ko gezau ba ta yi ba.

Ya naɗe su a hankici ya sa a aljihu.

*

Babban ɗan marigayin, wanda ma'aikata ke kira Manaja, yana ofis yana karɓar gaisuwa. Mutum ne mai jiki, mai tsabta, idanunsa sun kumbura. Ya tashi ya ba Mai Sawu kujerarsa.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji Mai Sawu. "Ya ba ku haƙuri."

"Amin, Baba. Kai ma ai naka ne."

"Me ya kai shi ɗakin baya?"

"Nan yake wuni. Teburinsa na farko yana ciki, wanda ya fara sana'a da shi. In ya zauna a gabansa yana shafa guntayen soso sai hankalinsa ya kwanta. Mun cire wa teburin wutar lantarki tuntuni."

"Ana rufe shi?"

"Mahaifina? Haba, Baba. In muna rufe shi, da me zai sa mu riƙa tashin ka kana neman sa?"

"Jiya ka leƙa shi?"

"Ban samu zuwa ba. Baƙi na yi daga wata makarantar kwana, suna son katifu masu yawa, na zagaya da su rumfa, muka dawo nan. Ina tare da su har aka yi ihu." Ya share ido da bayan hannu. "Mutumin nan ya faɗa da bakinsa zai ƙona mu. Ni dai a yi mini hukunci."

Mai Sawu ya ce Allah ya bayyana gaskiya, Manaja ya amsa da amin a hankali.

*

Mai gyaran injinan gidan yana da ɗan shago a ƙarshen layi, cike da matattun dutsen guga da rishon lantarki. Mutum ne mai surutu, ko ranar makoki bakinsa ba ya hutawa. Mai Sawu ya buɗe hankicin a kan teburinsa.

"Wannan ai wayar zafi ce," in ji mai gyara. "Da ita ake yanka soso. A ɗaure ta a miƙe a kan tebur, a ba ta wuta, ta yi ja, soso ya wuce ta cikinta kamar man shanu. Ita ce a cikin dutsen gugar nan, ita ce a risho, ita ce a tandar gidan burodi."

"Me ya hana ta narkewa? Mariƙin ƙofa ya narke."

"Baba, wannan aikinta ke nan, zama cikin wuta. Haɗin ƙarfe biyu ce, nikel da kuromiyam, nikel ɗin ya fi yawa. In ta ji zafi sai ta yi wa kanta wata 'yar fata a waje, wannan duhun da kake gani, shi ke hana iska cin ta. Ba ta tsatsa, ba ta ɓarewa. Wayar lantarkin ɗakin ma na ga inda ta ɗige, amma wannan sai dai ta yi wa gobara dariya." Ya kai mayen ƙarfe kusa. Zobban suka manne, ya matsar da shi kan jelar wayar, ba ta kula shi ba. "Ka gani? Ba ta da dangi a cikin ƙarafa. Dalma ma ba ta kama ta, shi ya sa ba a liƙe ta, sai dai a murɗe."

"Tsohuwa ce ko sabuwa?"

"Sabuwa ce lokacin da aka ɗaura. Wadda ta daɗe tana aiki ƙarfinta ya tafi, kana lanƙwasa ta sai ta karye. Daga naɗin da ke rataye a sito aka yanko. Kuma kada ka kalle ni, sito a buɗe yake, kowa na shiga."

"Wutar fa, daga ina ta tashi?"

Nan mai gyara ya leƙa waje, ya rage murya, abin da ba a saba gani ba.

"Na duba teburin nan da safe," ya ce. "Ni na cire masa wuta da hannuna. Amma an mayar. An zare waya daga soket an haɗa, haɗi mai kyau, irin na da. Baba ne. Ya manta sunan 'ya'yansa, amma hannunsa bai manta aiki ba. Jiya tun safe babu wuta, ya haɗa abinsa, ya jibga soso a kai yana jira. Bayan azahar aka kawo wuta."

"Ka faɗa wa wani?"

"Na faɗa wa Manaja. Ya ce in rufe bakina, kada in ɓata shari'a." Ya sosa ƙeya. "Ni kuma a gidan nake ci."

Ke nan ba wanda ya cinna wutar. Amma wani ya ɗaure ƙofa, kuma Mai Sawu ya san unguwa za ta ce Dungu ne ya ɗaure, tunda ta riga ta sa rai da shi.

*

Dungu yana kwance a kan siminti a ofishin 'yan sanda, ido ɗaya a rufe da kumburi, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Me ya kai ka bayan katanga?" in ji Mai Sawu.

"Lemo na kai masa. Nakan kai masa in na samu."

"Mutanen da suka kore ka?"

"Ba shi ya kore ni ba. Shi ya koya mini aiki, Baba. Ina ɗan ƙauye ban san komai ba ya ɗauke ni. Maganar toka kuwa, wallahi baƙin ciki ne, ban kai gida ba na yi nadama."

"Yaya ka bar shi?"

"Lafiya lau. Yana ta jera soso, yana ce mini oda ta yi yawa, in zo da wuri gobe."

"Ƙofar fa?"

Dungu ya yi tunani. "A sakaye take, amma ba ruf ba. Ina ganin haske ta gefenta, kamar faɗin tafin hannu. Har yana zura hannu ta wurin yana kiran masu wucewa."

Mai Sawu ya taɓa aljihunsa. Zobban da ke ciki a manne suke, ko allura ba za ta shiga tsakaninsu ba.

"Baba," in ji Dungu, "matata ta zo?"

"Tana waje tun jiya."

"Ka ce mata ta tafi gidan yayarta. Kada su koma mata."

*

Auta, ƙaramar 'yar marigayin, ita ke kula da shi tun da ciwon ya fara. Aurenta ya mutu a kan haka, ta dawo gida, ita ce wanka, ita ce ciyarwa, ita ce bin sa in ya tashi cikin duhu yana neman uwarsu da ta daɗe a ƙasa. Mai Sawu ya same ta a tsakar gida, mata sun kewaye ta, hannayenta biyu a naɗe da bandeji. Ya nemi a ba su wuri.

"Garin kashe wuta ne?" ya tambaya.

"Kwano na taɓa."

"Bari in gani, 'yata."

Ba ta yi musu ba. Ya warware a hankali. Ƙunar kwano faɗi gare ta. Wannan kuwa layuka ne sirara, sun ratsa yatsu da tafin hannu, sun nutse har nama, wani a kan wani. Ta kama wani siririn abu mai zafi ta saki, ta sake kamawa, ba sau ɗaya ba.

Ya fito da hankicin ya buɗe. Tana ganin zobban ta fashe da kuka irin wanda ba ya fitar da sauti.

"Ni ce, Baba. Ni na kashe shi."

"Faɗa mini yadda aka yi."

"Barci nake ji. Wallahi barci kawai. Na yi kwanaki ban runtsa ba. In na gaji haka nakan kai shi ɗakin, in saƙala waya a ƙofa, in je in ɗan kwanta. Kwaɗo ba zan iya sa wa mahaifina ba, mutane su gani. Igiya kuma yana kwancewa. Sai na riƙa yanko wannan a sito."

"Yaya kike ɗaurawa?"

"Da hannu. In zura, in ɗan murɗa, in bar masa wurin shan iska. Da yatsa biyu nake kwancewa kullum. Jiya ihu ne ya tashe ni. Na zo, ina jin sa yana buga ƙofa, na kama wayar, ta ƙi. Ta yi ja, Baba. Na ja, na murɗa, ta ƙi. Har ya daina bugawa." Ta dubi hannayenta. "Allah ne ya kama ni. Yaya ya ce in yi shiru, zai rufa mini asiri. Amma ga bawan Allah can an kusa kashe shi. Ka kai ni wurin Sufeto."

Tausayinta ya kama Mai Sawu, haushi kuma ya biyo baya, wanda ba nata ba ne. Ya mayar mata da bandejin da kansa.

"Gobe da safe ki zo rumfar yanka," ya ce. "Ki faɗi abin da kika faɗa mini, kada ki ƙara, kada ki rage."

Da ya fito ya zauna a kan dakalin ƙofar gida, inda rana ke da ƙarfi, ya daɗe yana jujjuya wayar a gaban idonsa.

*

Da safe Sufeto ya tara su a rumfar yanka, ɓangaren da wuta ba ta kai ba. Teburan yanka suna jere, kowanne da wayarsa a miƙe. Manaja ya zo, Auta ta zo, mai gyara ya zo. Aka kawo Dungu a mota, aka zaunar da shi a kan guntun soso. Mutanen layi suka cika bakin ƙofa, ba wanda ya gayyace su.

Mai gyara ya fara bayanin teburin da dawowar wuta, yana satar kallon Manaja. Sannan Auta ta faɗi nata, kanta a ƙasa. Bakin ƙofa ya ɗauki guna-guni. Irin mutanen da suka rantse sun ga Dungu da ashana, nan take suka fara cewa dama sun lura da take-taken yarinyar.

"Ƙanwata ba ta cikin hayyacinta," in ji Manaja. "Ko ta saƙala waya, kuskure ne. A bar mu da abin da ya same mu."

"Jiya hukunci kake nema," in ji Sufeto.

Mai Sawu ya ajiye zobban a kan tebur.

"Ni sawu na iya," ya ce. "Ƙasa takan riƙe shi kwana biyu ko uku, in an yi sa'a. Wannan wayar kuwa ta shiga gobara ta fito da nata bai goge ba. Sufeto, matso ka gani. Hannu biyu ne a kanta."

Sufeto ya sunkuya.

"Nan can ƙarshe, murɗi ne sako-sako, ba daidai ba, na yatsun mace mai sauri. Shi ne nata. Da shi kaɗai ne, da ƙofa tana da wurin zura hannu, kamar yadda Dungu ya gani da hantsi, kuma da ta kwance shi kafin hayaƙi ya kai ƙasa. Amma dubi nan kusa da zobba. An kama wayar an ƙara murɗewa, a matse, layi a kan layi, har zobban suka haɗe. Ga haƙoran filaya a jiki. Wannan ba a kwance shi da hannu, ko wayar da sanyinta."

Auta ta ɗago kai a karon farko.

Mai Sawu ya ɗauko sabuwar waya da filaya, da wani katako da ya sa aka kafa wa zobba biyu. Ya miƙa wa Dungu. Dungu ya gwada da dama, filayar ta faɗi. Ya gwada da hagu, murɗin ya tafi a karkace, ta bayan hannu, ya kasa matsewa. Aka ba mai gyara. Ya murɗe tsaf cikin ƙiftawar ido, ya datse jelar daidai gindin murɗin.

"Kullum haka kake datsewa?"

"Haka aka koya mini. Ban barin jela."

"Wannan an bar mata jela," in ji Mai Sawu. "Kuma an lanƙwasa bakinta an mayar ciki, kamar ƙugiya." Ya nuna teburan da ke jere. "Ku duba waɗannan. Kowace waya a rumfar nan haka bakinta yake. Wa ke ɗaura su?"

Kowa a wurin ya sani. Manaja ba ya yarda wani ya ɗaura wayar yanka, tun yana saurayi aikinsa ne.

Mai Sawu ya miƙa masa filayar. "Gwada mana, ɗana."

Manaja ya dubi filayar, bai karɓa ba. Ya nemi kujera a bayansa, babu, ya zauna a ƙasa da fararen kayansa.

"Yaya?" in ji Auta. "Yaya, ka ce ba kai ba ne."

"Ina zagayawa da baƙin nan," ya ce, muryarsa ta dushe. "Muka biyo ta baya. Ya zuro hannu ta ƙofa yana kiran su, ya tuɓe rigarsa, ya ɓata jikinsa. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya. Na kai su ofis, na ce ina zuwa. Filaya tana aljihuna. Na ce in sun tafi zan buɗe. Wallahi na ce in sun tafi zan buɗe."

"Da aka yi ihu fa?" in ji Sufeto.

"Na ajiye filayar a ofis. Na tsaya neman ta." Ya rufe fuska. "Ban gan ta ba. Tana ƙarƙashin takardu."

"Ka bar ni ina cewa ni ce," in ji Auta. "Ka dafa kaina ka ce za ka rufa mini asiri."

Bai dube ta ba. Mai Sawu yake kallo, kamar shi kaɗai ne a rumfar.

"Ya daɗe bai gane ni ba, Baba. Wani lokaci ya ce mini direba, wani lokaci ya ce mini ɓarawo. Amma ina cikin murɗawa ya ji ƙarar filaya ta bayan ƙofa. Sai ya kira sunana. Sunana na gaskiya, da muryarsa ta da. Ya ce, in ka gama ka lanƙwasa bakin, kada ta yagi wani." Hawaye suka zubo masa. "Na ce to, Baba. Na lanƙwasa."

Sufeto ya bari ya gama kukansa, sannan ya taɓa kafaɗarsa ya ce ya tashi. Ya ce wa Auta ita ma za ta ba da bayani, sauran kuma na alƙali ne. Ta wuce ta gaban yayanta ba ta kalle shi ba.

*

Kafin azahar aka sallami Dungu. Ba ya iya miƙewa sosai, likita ya ce idon da ya kumbura da wuya ya sake gani. Matarsa ta riƙe shi ta gefe ɗaya, Mai Sawu ta ɗaya gefen, suka bi layin a hankali. Masu shaguna suka shiga gyara kayan da ba su buƙatar gyara. Wani ya ɗaga murya daga nesa ya ce sannu, Allah ya kiyaye gaba.

A ƙofar gidansa Dungu ya tsaya ya huta. Ƙasar wurin ba siminti, kuma ba a share ta ba tun ranar. Ya ga Mai Sawu yana kallon ta.

"Baba, ka karanta waya ka fitar da ni," ya ce. "Wannan fa? Ka ga na waɗanda suka yi mini haka?"

"Na gani."

"Ka gane su?"

Mai Sawu ya bi sawun da ido. Akwai takalmin mai shayi a wurin, da na tela, da na mai kanti, da silifas ɗin maƙwabcin da katangarsu ɗaya. Akwai ƙananan sawu a gefe, na yaran da aka tura gaba don su gani da kyau.

"Duk na gane su," ya ce. "In ka ce a rubuta, zan faɗa wa Sufeto ɗaya bayan ɗaya."

Dungu ya juya da idonsa mai gani ya dubi layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A nan zai sayi gishiri gobe, a nan 'ya'yansa za su yi wasa.

"Akwai wanda babu nasa?" ya tambaya.

Mai Sawu ya sake duba ƙasar, a hankali, don yana so ya samu.

"Baba Mai Katifa," ya ce.

Dungu ya gyaɗa kai. Ya ce wa matarsa ta ɗauko tsintsiya.